Rumyana Mai Jakar Faifai

Duk wanda ya taɓa ajiye kwamfuta a unguwarmu ta bakin kogi a birnin Ruse, a shekarun da suka biyo bayan faɗuwar tsohuwar gwamnati, ya san Rumyana Kalcheva. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, gashinta a datse, tana tafiya da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Kullum da wata jakar fata a kafaɗarta, wadda mahaifinta ya riƙe lokacin da yake aikin jirgin ƙasa. Shi guduma da fitila yake sawa a ciki, ita kuwa faifan kwamfuta ta cika ta da su, irin ƙananan nan masu kusurwa huɗu da yaran yanzu ba su taɓa gani ba.

Ni sunana Zdravka. Ni da mijina Tihomir muna da 'yar maɗaba'a a ƙasan benen da muke zaune, muna buga katin biki da takardun sanarwar rasuwa da ake mannawa a jikin bishiyoyi da ƙofofi. Rumyana tana hawa na uku, mu muna na biyu. Tun muna matasa muke arar gishiri a hannun juna.

A wani ƙauye na bakin kogin Dunav aka haife ta. Ita ce mace ta farko a ƙauyen da ta tafi Sofiya, babban birninmu, ta karanci injiniya, kuma har ta tsufa mutanen garinsu Injiniya suke ce mata, ba sa kama sunanta. Da ta dawo aka ba ta aiki a cibiyar lissafi ta gwamnati, inda kwamfuta ɗaya ta cika ɗaki guda, ana ciyar da ita da kati masu huji. Da farar riga suke aiki kamar likitoci, suna cire takalmi a bakin ƙofa. Mijinta matuƙin jirgin kaya ne a kogi, ya rasu ɗansu yana ƙarami, ba ta sake aure ba. Idan aka yi mata maganar aure sai ta ce, "Ina da wanda nake lallashi a wurin aiki, kuma ya fi kowane namiji rigima."

Da gwamnati ta faɗi, cibiyar ba ta daɗe ba aka rufe ta. Rumyana ta je ta tsaya a tsallaken titi ranar da masu sayen ƙarfe suka zo suka farfasa na'urorin suka loda a mota. Da ta dawo ta shigo shagonmu ta zauna a kan kwalin takardu, ta sha kofi biyu a jere. Bayan nan ta yi 'yan watanni tana sayar da jarida da sigari a wata rumfa kusa da tasha, mace mai digiri, tana miƙa canji ta ƙaramar taga.

Ana nan sai kwamfutocin tebur suka fara shigowa, gwanjo daga Jamus. Mu ma muka sayi ɗaya don tsara katuna. Rumyana ta riƙa saukowa idan mun tashi cin abincin rana, ta zauna gabanta da ƙamus na Turanci a cinya. Da farko raina ta take yi. "Wannan abin wasan yara ne," in ji ta. "Tamu in ta yi kuskure sai ta faɗa maka a layin da ta yi shi. Wannan kuwa sai ta yi maka murmushi ta faɗi sumammiya." Amma kafin shekara ta zagayo ta san cikinta fiye da yadda na san ɗakin girkina.

Wata Asabar da safe na kunna kwamfutar zan gama katin wani biki, dangin amarya za su zo karɓa da rana. Manhajar da muke tsara katuna da ita ta buɗe, ta rubuto wani abu da Turanci, ta rufe kanta. Na sake, ta sake. Na dubi Tihomir, shi kuma ya duƙufa yana goge injin yanka takarda wanda babu ko ƙura a jikinsa. Na fita bakin matakala na ƙwala wa Rumyana kira.

Ta sauko da silifas, ta zauna, ta ɗan danna nan da can.

"Tisho," ta ce wa mijina, "me ka sa mata jiya?"

"Ni? Ban taɓa komai ba."

"Maƙabartar kwamfutoci cike take da waɗanda ba a taɓa musu komai ba. Wannan hoton kifin da ke kan allo fa, shi ya iyo da kansa daga kogi?"

Ashe mujallar masunta da yake saye ce ta zo da faifai a manne, mai bayanin kifayen Dunav da irin ƙugiyar da kowanne yake so. Da na haura sama ya zura shi.

"To ina ruwan kifi da katin biki?" in ji shi. "Ai kowa da ɗakinsa."

Nan ta yi mana bayanin da na ji ta maimaita wa rabin garin nan daga baya. Ta ce manhajoji ba sa zuwa da kayan aikinsu cikakke. Akwai waɗansu ƙananan fayiloli, de-el-el ake ce musu, suna zaune a rumbu ɗaya a cikin kwamfutar, kowace manhaja tana zuwa ta ara ta yi aikinta. Wani na zana maɓalli, wani na jera haruffa, wani na kula da sauti. Matsalar ita ce kowace sabuwar manhaja da aka sa takan zo da nata kwafin, sunansu ɗaya da wanda ke rumbun, amma cikinsu ya bambanta, sai ta ture na da ta ajiye nata ba tare da ta tambayi kowa ba.

"Kifinka ya zo da nasa ya zauna," ta ce. "Manhajar kati ta zo ɗaukar wanda ta saba da shi, ta tarar da baƙo mai sunansa. Shi ne ta faɗi."

Tihomir ya ajiye tsumman hannunsa. "A'a, to wannan ai mun san shi. Ba haka muka yi zaman ɗakin girki ɗaya da iyali huɗu ba, muna sababbin aure? Ka ajiye tukunyarka mai kyau ka dawo ka tarar da mai yoyo. Ashe har Amurkawa ma sun yi gurguzu, a cikin akwati suka ɓoye shi."

"Yi mini shiru, kwamared," ta ce, tana dariya. "Ka cire kifin?"

"In cire yanzu?"

"Ko ka cire ba zai dawo da abin da ya ture ba. Ya riga ya tafi."

Ta haura ta sa takalmi, ta ɗauki faifai ɗaya babu komai a ciki, ta nufi kantin magani na bakin kasuwa. Ta san kwamfutarsu tana da tsohon fayil ɗin, irin wanda muka rasa. Ta je ta kwafo shi kamar yadda mace take shiga maƙwabta ta roƙi cokalin kindirmo don ta haɗa sabo. Kafin dangin amarya su iso katin ya fito. Shi kuma kifin, da tsohon fayil ya dawo, sai ya ƙi buɗewa. Tihomir ya yi mako yana yi mini fushi kamar ni na kashe shi.

Daga nan sana'a ta buɗe mata. Ta bar rumfar jarida. Lauyoyi, masu shagon hoto, makarantar koyon tuƙi, duk wanda allonsa ya koma shuɗi sai ya aiko a kira ta. Jakar nan ta cika da fayiloli masu suna ɗaya, wannan na bara, wannan na bana, wannan ya zo da na'urar buga takardu, ta kuma san wace manhaja ce take shiri da wanne. A shekarar da kuɗinmu ya zama takardar banza, da kwalaben barkono da cuku da giyar inabi ake sallamarta. Ta kuma ƙirƙiro dabararta: maimakon ta bar kowa yana ɗiba a rumbu, sai ta ajiye wa manhaja mai rigima kwafinta a ɗakinta ita kaɗai a cikin kwamfutar. Yawanci hakan yana kashe wutar. Amma bayan sati biyu sai mai kwamfuta ya sa wasan ƙwallo ko ƙamus, a sake kiranta. Ba ta taɓa gajiya da faɗa ba, su ma ba su taɓa jin faɗan ba.

A hawa na huɗu akwai Bai Stamen, Bai kuwa shi ne yadda muke kiran dattijo don girmamawa. Shi ya koyar da mu duka labarin ƙasa a makarantar sakandare, ni da Tihomir da rabin unguwar. Har ya tsufa in ka haɗu da shi a matakala sai ya tambaye ka babban birnin wata ƙasa da ba ka taɓa jin sunanta ba. Matarsa Todorka ta rasu, ciwon suga kuma ya cinye masa ido a hankali har ya daina ganin ko hasken taga. 'Yarsa tilo, Nevena, tana aikin jinya a Kanada. Ita ta aiko aka saya masa kwamfuta, ƙungiyar makafi kuma ta ba shi wata manhaja mai murya, wadda take karanta duk abin da ke kan allo da yarenmu. Waɗansu samari ne a wata jami'a suka haɗa ta. Muryar mace ce, ta hanci, tana karya kalmomi inda bai kamata ba. Shi kuwa ya raɗa mata suna Sakatariya. Tun da safe za ka ji shi ta taga yana yi mata gyara.

"Sakatariya, ba haka ake faɗin sunan dutsen nan ba! Da a ajina kike da kin maimaita shekara."

Ya iya bugun tafireta tun yana malami, saboda haka rubutu bai ba shi wahala ba. Abin da ya dame shi wasiƙun Nevena ne. Ta gidan waya suke zuwa, su yi makonni a hanya, kuma da hannu take rubutawa, Sakatariya ba ta karanta takarda. Ni ce nake hawa in karanta masa. Wata rana da na gama ya riƙe hannuna ya ce, "Zdravka 'yata, ba don muryarki ba ta da daɗi ba. Amma yarinyar nan ta san wani ne zai karanta mini, shi ya sa kullum sai labarin dusar ƙanƙara da tsadar tumatir. Uba da 'ya suna da maganar da ba ta son mutum na uku."

A shekarar ne aka fara haɗa intanet ta wayar tarho a garinmu, kuma a shekarar ne Nevena ta samu ciki bayan dogon jira. Ta ce a haɗa wa mahaifinta don su riƙa rubuta wa juna kai tsaye. Rumyana da kanta ta sa masa manhajar saƙo, daga faifan da masu haɗa layin suka bayar. Ina tsaye a bayanta. Ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. A ƙa'ida da zarar ta tashi Sakatariya takan gaishe shi. Ranar tsit.

"Ta tashi kuwa?" Bai Stamen ya tambaya, yana karkata kunne.

"Ta tashi, Bai Stamen. Ba ni minti biyu."

Ta gane abin nan take. Manhajar saƙon ta ture wani fayil da muryar take dogara da shi. Ta ciro tsohon daga jaka ta mayar, Sakatariya ta yi magana, manhajar saƙo ta faɗi. Ta yi dabarar da ta saba, ta ba kowacce kwafinta a ɗakinta. Bai yi ba. Ta sake duba komai, bai yi ba. Sai can ta gane dalili. A sauran gidaje mutum yakan rufe wannan manhaja ya buɗe waccan. Nan kuwa dole su biyun su kasance a buɗe lokaci guda, tun da muryar ce za ta karanta saƙon. Ita kuma kwamfutar da suna kawai take gane irin wannan fayil. In ta riga ta ɗauko ɗaya tana aiki da shi, duk wanda ya zo neman mai wannan suna sai ta miƙa masa wanda ke hannunta. Ko dai murya ba saƙo, ko saƙo ba murya.

"Wato ko in ji ko in samu wasiƙa," in ji Bai Stamen. Ya yi 'yar dariya. "Injiniya, kin ga ni na saba da zaɓi irin wannan. Kada ki damu."

Amma ta damu. Ta buga waya jami'ar, aka ce samarin da suka haɗa muryar sun gama karatu sun watse, wani yana Jamus, wani ba a san inda yake ba. Masu haɗa layin suka ce su manhajarsu lafiyarta ƙalau, kuma gaskiyarsu ce, ita kaɗai lafiyarta ƙalau. Sai ta koma hawa kullum bayan cin abincin rana. Ta sa sabon fayil, ta kashe ta kunna, ta jawo saƙonni tana kawar da kai daga allo kamar mai wucewa ta gaban masu wanka, ta adana su, ta mayar da tsohon fayil, ta sake kashewa ta kunna, sannan Sakatariya ta karanta. In zai ba da amsa kuma sai gobe ta zo ta tura. Ranar da aiki ya riƙe ta a wani gefen gari, yana nan zaune yana jira, da wasiƙar 'yarsa a cikin akwati a gabansa.

Duk damina haka aka yi, har kaka ta shigo. Na ga ta rame, ta koma shan sigari a baranda, abin da ta bari da daɗewa. Lokacin gasa barkono, mata muna tsakar gidan bene muna ɓare ɓawo, hayaƙi ya cika unguwa, ita tana zaune tana ɓare ɗaya tun ɗazu.

"Rumi, barkonon ya mutu tuni, ki sake shi," na ce.

"Akwai hanya," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Tun farko na san da ita, tsoro nake ji. Sai in canza wa tsohon fayil ɗin suna, sannan in shiga cikin manhajar muryar, cikin cikinta, inda babu komai sai lambobi, in nemo duk inda take kiransa in gyara. Da muna yin irin wannan a cibiya. Amma na yi shekara da shekaru ban karanta lambobi tsirara ba, kuma a kan allo idona hawaye yake yi. Ki ara mini na'urarku ta buga takardu."

Washegari ta sauko da faifai. Na'urarmu tsohuwa ce mai allurai, mai ƙara kamar ana yayyaga zani, tana cin doguwar takarda mai huji a gefe. Ta yi wuni tana amayo lambobi, takarda tana naɗewa a ƙasa. Tihomir ya toshe kunne da auduga ya ce in biki ne gara a kira makaɗa. Da ta gama muka share babban teburin yanka, Rumyana ta shimfiɗa takardar, ta ɗauko fensir da rula da tabarau. Da ta sake saukowa bayan ta haura cin abinci, sai ga ta da farar rigar cibiya, ta ɗan matse ta a kafaɗa.

"Don kada tawada ta ɓata mini kaya," ta ce, kafin in buɗe baki.

Ban taɓa ganin ta cikin jin daɗi kamar 'yan kwanakin nan ba. Tana jan rula layi bayan layi, leɓenta na motsi, wani lokaci tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Masu zuwa karɓar kati sukan tsaya su leƙa su tambaya ko likita muka ɗauka. In ta samu wurin da sunan yake sai ta zagaye shi da jan fensir ta ce, "Ga ka nan, ɗan banza." Ta ba ni labarai da ban taɓa ji ba duk zamanmu: yadda suke ɗumama banitsa, gurasarmu mai cuku, a kan murfin na'ura saboda zafinta, da yadda wata abokiyar aikinta ta zubar da kwalin kati a matakala suka yi yini suna jera su, suna kuka suna dariya.

Gwajin farko bai yi ba. Ta canza harafi ɗaya a sunan, ta gyara duk wuraren da ta zagaye, kwamfuta ta tashi ta daskare. Ta mayar da komai yadda yake daga kwafin da ta ajiye, ta sauko fuska a murtuke. Ashe shi kansa fayil ɗin yana ɗauke da sunansa a rubuce a cikinsa, kwamfutar kuma wannan take dubawa. Aka sake buga wata takardar, gajeriya wannan karon.

Ranar Lahadi da hantsi, ana kaɗa ƙararrawar coci, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in zo in tsaya mata. Muka tarar da Bai Stamen ya yi aski ya ɗaura laktaye.

"Ina za ka haka, Bai Stamen?" na ce.

"An ce yau za a yi wa Sakatariya aiki. Dangin mara lafiya ai ba sa zuwa asibiti da rigar barci."

Rumyana ta zura faifai, ta kwafa, ta kashe, ta kunna. Allo ya haska, muryar hancin nan ta ce barka da zuwa. Ta kama hannun Bai Stamen ta ɗora a kan madannai ta ce shi zai buɗe da kansa. Ya danna. Na'urar waya ta yi kukanta na ƙarfe, ta yi tsuwa, ta yi shiru. Manhajar saƙo ta buɗe ta tsaya da ƙafarta. Muka jira ta faɗi, ba ta faɗi ba. Sai Sakatariya ta ce, "Sabon saƙo ɗaya."

Rumyana ta fizgi hannuna ta ja ni waje ta rufe ƙofa. Muka zauna a kan matakala mai sanyi kamar 'yan makarantar da aka kora daga aji. Ta cikin ƙofa muna jin gunjin muryar, ba ma jin kalmomin. Ta yi ta yi, ta tsaya, ta sake farawa daga farko. Da muryar ta gama na fara tunanin ko in ƙwanƙwasa. Rumyana ta girgiza mini kai.

Can ƙofa ta buɗe. Yana tsaye, laktayen ya karkace, fuskarsa a jiƙe.

"Mace ce," ya ce. "Jiya. Mijin ne ya rubuto, ita kuma ta ƙara layi biyu daga gadon asibiti. Sun sa mata Todorka." Ya share ido da bayan hannu. "Wannan shashashar ta karanta sunan a karkace, amma na gane."

"Layi biyun me ta ce?" na tambaya, don bakina ba ya da linzami.

"Wannan kuma tsakanina da 'yata ne," ya ce. "Ku shigo. Akwai rakiya, giyarmu ta gida, da na ɓoye tun ranar aurenta, kuma Zdravka ki sauka ki kira mijin nan naki, ya taho da alewa, yau ni zan yi wa bene duka walima."

Rumyana ba ta iya shan giya ba, ƙaramin kofi ɗaya kan sa kunnuwanta su yi ja. Ranar ta sha biyu, ta yi wa Bai Stamen gargaɗi da yatsa cewa duk wanda ya kawo masa faifai, ko babban limamin coci ne, ya kore shi da sanda. Ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa. Shi kaɗai ne a garin nan ya taɓa cika mata wannan alkawari. Ya rayu har ya riƙe jikarsa a cinya lokacin da suka zo hutu, ya shafa fuskarta ya ce hancin kakarta ne.

Shekaru suka ja, kwamfutoci suka canza. Sababbin da suka shigo sun koyi ajiye fayil iri-iri masu suna ɗaya ba tare da sun yi faɗa ba, kuma ba sa barin kowace manhaja ta ture abin da ta ga dama. Kiran Rumyana ya riƙa raguwa. Shagunan gyara suka buɗe a babban titi, masu gilashi da fitilu. Na ɗauka abin zai yi mata ciwo, na tambaye ta. Ta ce, "Ciwon da na ci abinci da shi ne aka samo wa magani. In yi kuka?" Amma ta ƙara da cewa abin da take kewa shi ne shiga gidajen mutane. A lokacin babu gidan da ba ta san kalar labulensa ba, babu wanda ba ta sha kofinsa ba, ta san wanda matarsa ta tafi da wanda ɗansa ya samu aiki. Yanzu kowa sai ya ɗauki abinsa ya kai shago, ya karɓi 'yar takarda.

Mu ma mun rufe maɗaba'a bayan Tihomir ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wurin ya zama shagon gyaran farce. Ɗan Rumyana ya yi ta roƙonta ta koma wurinsa a Sifaniya, ta je ta yi wata uku ta dawo ta ce rana ta yi yawa kuma kindirmonsu ruwa ne. Da ta fara karɓar fansho sai ta sayar da ɗakinta ta koma gidan mahaifinta a ƙauye.

Bara da kaka na hau bas na je ganinta. Ta ɗan rankwafa, amma saurin yana nan. Ta zagaya da ni lambu, ta nuna mini inda ɓeraye suka yi mata ɓarna a dankali, ta cika mini leda da goro irin namu da tuffa. Sai ta dubi agogo ta ce mu yi sauri, yau akwai gwaji. Ashe ta shiga ƙungiyar tsofaffin mata masu waƙa a ɗakin taron ƙauye, suna shirin bikin waliyyin garin. Rumyana, wadda muryarta in ta rera waƙa kare yakan bar tsakar gida.

"Sun karɓe ki?" na ce.

"Ba su da yadda za su yi, mu tara ne duka ƙauyen. A layin baya aka sa ni, an ce in riƙa buɗe baki sosai in rage sauti."

Na zauna a benci a bayan ɗakin ina kallonsu, tsofaffi cikin baƙaƙen siket, suna riƙe da ɗamarar juna suna rera waƙar girbi. Ita ce ta fi kowa tsawo, kuma ba ta rage sautin ba ko kaɗan. Shugabar tana harararta, ita ko a jikinta. Da suka gama na duba agogo na ga bas na ƙarshe ya wuce tuni.

"Madalla," ta ce, tana ɗaura gyale. "Dama na jiƙa wake da yawa. Taso mu tafi, ki yanka mini albasa."